Tulun da Na Ɗauke a Tsakiyar Sujada

Ban taɓa son kiɗa a cikin coci ba, har gobe kuma ba na so. Na faɗa tun farko ne don kada wani ya karanta wannan ya ce tsohuwa ta sauko.

Shekarun baya ne, Turawa ba su kai ga tafiya ba, ina sayar da gishirin Awe a kasuwar Lafiya. Cocinmu ɗakin ƙasa ne mai jinka, maza gefe guda, mata gefe guda, kowa a kan dakali. Waƙoƙinmu na littafi ne, a ja su a hankali, ba tafi ba rausaya. Dattawa sun ce ganga ta dodo ce, wanda ya baro tsafi ya baro ta can. Abin da ke cin raina shi ne, malamin coci zai kira lambar waƙa, masu karatu su buɗe, mu sauran mu riƙa motsa baki kamar awaki na tuƙa. Shi ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na shiga, ga ni da 'ya budurwa a gida. Matan kasuwa suka samu abin yi. "Mai gishiri, akawu za ki zama?" Na ce su dai jira.

Na sha wuya, amma na koya. Malam ya ce ranar godiyar girbi ni zan ta da waƙa daga littafi. Ba macen da ta taɓa yi a cocin nan. Na wanke zanena, na riƙa bitar baitocin ina auna gishiri.

Ana cikin haka 'yata da sauran matasa suka dawo daga wani taro a wajen Makurɗi da sababbin waƙoƙi. Mutum ɗaya ya ta da, kowa ya amsa, wasu da Hausa, wasu sun juya su da yarenmu. Dattawa suka ce ba za a shigo da ganga ba. Yaran nan da wayo suka ce to, tulu fa? Ba fata a jikinsa, ba a yanka komai ba, yumɓu ne kawai. Malam ya ba su waƙa ɗaya, kafin tawa.

Da ranar ta zo, waƙa ɗayan nan ta ƙi ƙarewa. Ina zaune, yatsana a cikin littafi yana gumi, coci kuwa ya ɗauka, har matan da ba su san baƙi ko ɗaya ba suna amshi sun fi ni murya. To wahalar me na sha? Da na ɗaga kai na duba da kyau, sai na ga tulun da 'yata ke bugawa da tafin hannu nawa ne, na aurena, wanda na bari a bayan ƙofa.

Na tashi. Na ratsa gaban dattawa, na fizge shi daga tsakanin gwiwoyinta, na aza a ka.

"Mama, don Allah," in ji ta.

"Da shi nake ɗiban ruwa," na ce, yadda kowa zai ji. "Ba da shi nake kiran dodo ba."

Na nufi waje. A bakin ƙofa na wuce mahaifiyata. Tun da mahaifina ya rasu ta sauko daga dutse ta zauna da mu. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, kuma can bakin ƙofa take zama duk Lahadi, hannu a cinya. Ran nan a tsaye take, tafukanta a buɗe, bakinta a buɗe. Na gan ta sarai. Na ajiye tulun a waje, na dawo na ta da waƙata. Ban yi tuntuɓe ko a baiti ɗaya ba. Wasu dattawa suka jinjina mini kai, na koma gida ina jin kaina.

Da la'asar 'yata ta shige ɗaki ta ƙi ci. Mahaifiyata na gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na zauna kusa da ita ina jiran yabo.

"An ce kin karanta da kyau," ta ce da yarenmu.

"An ce? Ba kina wurin ba, Inna?"

"Ina wurin. Kullum ina wurin. Me nake ji?" Ta hure ɓawon gyaɗa. "Ni na ba yarinyar tulun. Nawa ne kafin ya zama naki."

Na ɗauki gyaɗa ɗaya ina juyawa a hannu.

"Tun da na bi ku cocin nan, yau ne na yi wa Allah magana da bakina. Ban gama ba kika ɗauke."

Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da ɓararta. Da ma marina ta yi.

Ni da na san zafin motsa baki a banza, ni da na shiga aji da girmana don in tsere masa, ban taɓa waiwayawa na ga wadda na bari a bakin ƙofa ba. Na ce ina kare ɗakin Allah daga dodo, alhali ranata nake karewa. Har yau in jikokina suka saki ganguna a coci kaina na sarawa, ina kuma faɗa musu. Amma kafin in buɗe baki sai na duba wa ke amshi a layin baya. Tafukan nan a buɗe ba su bar ni ba.

Washegari da safe na juye ruwan tulun a randa, na kife shi ya tsane. Na tura ƙofar 'yata da ƙafa, na dire shi a gabanta.

"Ki kai coci ki bar shi can, zan nemi wani na ruwa," na ce. "Amma tukuna fito gindin mangwaro. Ki kama daga inda kakarki ta tsaya."