Jabir Mai Goge Fim Ɗinsa

Duk mai shagon tura fina-finai a waya, daga Illela har Ƙonni ta Nijar, ya san Jabir ɗan kabu-kabu. Shi ne mutumin da ke bin shaguna yana roƙon a goge fim ɗin da shi da kansa ya yi.

Shekara uku ya yi a Sakkwato yana gambarar zamani, wadda samari ke kira hip hop, hula a juye, wando a ƙasan ƙugu. Shi da abokinsa Hamidu mai kyamara suka haɗa ɗan fim a kan wani mawaƙi da mahaifinsa ya rasu, dole ya bar birni ya koma riƙe gida. Jabir ne ya fito a mawaƙin. Babbar waƙar fim ɗin a kasuwar Illela suka ɗauke ta, ranar Lahadi da rana tsaka, a layin 'yan albasa.

Mahaifinsa, Malam Attahiru dillalin albasa, mutum ne da ba ya son hoto. Kwana goma sha ɗaya da fitar fim ɗin zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Wasiyyarsa ɗaya ce: kada a bar hotonsa a duniya, ko na katin zaɓe a ƙona. Aka ƙona. Jabir ya dawo gida, ya hau babur don ciyar da mahaifiyarsa, Inna Tasalla, da ƙannensa mata biyu.

Wata rana da hantsi ƙanwarsa Mahbuba na kallon fim ɗin a tsakar gida, Inna ta leƙa wayar.

"Mai da shi baya," ta ce. "Wancan ba tsohonku ba ne?"

Shi ne. Yana tsaye bayan buhunan albasa cikin farar rigarsa, ya juya wa kyamara baya. Hamidu ya rantse bai gan shi ba ranar ɗauka. Jabir kuwa, a iya saninsa, tsohon yana garin Tozai a wannan Lahadin.

Jabir ya nemi a cire waƙar. Hamidu ya ce idan aka cire ta fim ya mutu, ga shi har wani a Kano ya fara nemansu. Jabir ya ce ya mutu ɗin. Sai dai fim ya riga ya bazu a wayoyi, har tsallaken iyaka.

Tun daga nan, in ya sauke fasinja sai ya shiga shago mafi kusa. Masu shagunan kan tsokane shi, su ce ga tauraro ya zo jana'izar waƙarsa, amma suna gogewa. Kafin a goge yakan kalli wurin don ya tabbatar. A nan ya lura tsohon yana juyowa. Da farko kafaɗa, bayan wasu watanni kunne, sai gefen gemu. Ba mai ganin bambancin sai shi.

Bara a garin Araba ya ji waƙarsa na tashi daga aljihun wani fasinja, Yari manomi. Ya tsaya ƙarƙashin dalbejiya ya roƙi wayar. Tsohon ya gama juyowa. Yana kallonsa kai tsaye, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi masa a da idan yana jiran ya gama magana. Jabir ya daɗe yana kallonsa, sannan ya goge.

Da ya faɗa wa Inna, ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Ya rame?"

"A'a, Inna. Yana nan yadda kinka san shi."

"Da ka kawo min na ga fuskar," ta ce. Can ta girgiza kai. "A'a. Gara da ka goge. Saura wayoyi nawa?"

Bai sani ba. Da safe ya tayar da babur ya nufi Ƙonni.