Ranar da Motar Goggo Ta Yi Gum da Bakinta

Goggona ta haura arba'in kafin ta taɓa kama sitiyari. Mijinta, wanda muke kira Baba Tela, ciwon suga ne ya ci masa ido har ya ajiye keken ɗinki, motarsa kuma ta kwanta a ƙofar gida, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Dangi suka ce a sayar.

"A sayar," in ji Goggo, "sannan in riƙa goya shi zuwa asibiti?"

Ta ci ɗamara ta koyi tuƙi a filin ƙwallon unguwa. Da hannunta ya faɗa, sai ta samo wa motar sana'a: ta ɗauko ƙwai daga gonar kaji, ta rarraba wa masu shaguna. Baba Tela ba ya yarda a bar shi a gida. Kujerar gaba tasa ce, kuma duk da ba ya gani, da jijjigar ramuka yake gane kowane titi. "Uwargida, rage wuta, kwanar mai faci ce a gaba." Ita kuwa ta ce, "To, direban baki."

Motar ta girmi autansu. Ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa, gilashi guda kuma da katako aka tokare shi. Amma ba ta taɓa ba su kunya ba, sai a shekarar da ta tsiro da wani hali. Ana cikin tafiya lafiya sai ta ɗauke wuta ɗif, kamar an hure fitila. In an bar ta ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Ran nan ta mutu a tsakiyar shataletale da kiret-kiret na ƙwai a baya, motoci na ta danna oda, Baba Tela na neman fita ya tura. Wannan ne ya fi ƙona wa Goggo rai.

Makanikenta ya canja fulogi, ya wanke famfon mai, a banza. Ya aro na'urar gwaji, wadda ake jonawa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari mota ta faɗi ciwonta. Na'urar ta yi ta lalube, motar ta yi gum.

"Mama, in mota ta ƙi magana da na'ura, yawanci ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone," ya ce a sanyaye. "Irin ta wannan kuwa an daina kawowa. Amma kada ki ɗauki maganata ita kaɗai, wuta ba fannina ba ce. Ki je wurin Mai Fitila."

Goggo ta ce a makon nan ko abinci ba ta jin ɗanɗanonsa. Motar ce kasuwarsu, ita ce kuma ƙafar mijinta.

Mai Fitila dattijo ne mai gyaran wayoyin mota, rumfarsa cike da matattun batura da wayoyi kala-kala rataye kamar kayan shanya. Sunan ya samo shi ne daga 'yar fitilar gwaji mai tsini da ba ta rabuwa da aljihunsa. Da suka isa, sai ya ba Baba Tela benci a inuwa, ya jona tasa na'urar. Shiru. Ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, yana tsikarar ramukan soket ɗin. Can sai ya yi gyaran murya.

"Wayar da mota ke magana ta cikinta, wuta ce cike da ita, alhali bai kamata ba. Kamar mutum ne zai yi magana wani ya toshe masa baki. Mama, me aka ƙara wa motar nan kwanan baya?"

"Ni ban ƙara mata komai ba."

Daga kan benci Baba Tela ya yi ƙasa da murya. "Rediyo fa? Tsohuwar ta mutu, surukinmu ya kawo sabuwa aka sa."

Mai Fitila ya zaro rediyon, ya cire jonin bayanta, ya sake kunna na'ura. Nan take rubutu ya cika fuskarta.

"Ta yi magana! Ƙwaƙwalwa ƙalau take."

Goggo ta nemi wata tsohuwar taya ta zauna. "Alhamdu lillahi," kawai take maimaitawa.

Ashe wanda ya sa rediyon ya haɗa wayar maganar da wayar wuta. Amma wannan bakin motar kaɗai ya toshe, ba shi ke kashe ta ba. Na'urar ta yi nuni ga wani ɗan ƙaramin abu da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inji na juyawa. Mai Fitila ya buɗe bonet, ya bi wayarsa da yatsa har bayan inji. A nan ya tarar robarta ta goge a jikin ƙarfe, jan ƙarfen ciki ya fito tsirara. Ya tada mota, ya ce Goggo ta matso. Ya taɓa wayar da ɗan yatsa, inji ya mutu ɗif.

"Ga ɓarawon naki."

"Wannan 'yar abar?" Goggo ta riƙe haɓa. "Ko tsawon allura ba ta kai ba!"

Baba Tela ya nemi a kai hannunsa wurin. Ya shafa, ya ce, "Ai wannan ɗinki ne ya warware." Mai Fitila ya yi dariya ya ce to yau tela ya zo wurin tela. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya yi joni da dalma, ya naɗe, ya ɗaure wayar nesa da ƙarfe. Rediyon ma ya maida ta yadda ya dace.

Goggo ba ta yarda nan da nan ba. Ta ɗauki Mai Fitila suka zaga gari, ta bi da su ta titi mafi muni, tana faɗa wa ramuka da gangan, dattijon na riƙe da hularsa yana salati. Motar ko tari ba ta yi ba.

A hanyar gida ta biya ta wurin makanikenta, ta yi masa godiya da ya faɗi iyakar saninsa. Washegari da safe ta koma gonar kaji, ta ɗauko ƙwai ta fara rabo. Masu shaguna suka yi ta mitar ina ta shiga kwana biyu, ta ce su dai su zo su sauke kayansu a hankali, ba ta son ko ɗaya ya fashe.