Kwana Tara Ban Bi ta Gawo Ba

Duk da na daɗe da aje aiki, ranar Talatar da na tashi zan sayar da kekena ba ta taɓa fita raina ba. Ku matasan malaman gona da kuke ƙunshe dariya in kun gan ni ina tuƙa tsohon ƙarfen nan zuwa kasuwa, ku matso ku ji daga bakina, kafin wani ya ba ku labarin ya ƙara masa gishiri.

Lokacin Dungas tana ƙarƙashin Magarya, ni kuma ina ƙaramin malamin gona, shekarata ta huɗu a bakin aiki. Gidana yana Dungas, amma ƙauyukan da aka ba ni suna can wajen Mallawa. Da damina ta faɗi, aikina shi ne zagaya gonaki in duba abin da ke cin shuka. In na ga ɓarna, sai in cika takarda in aika wa shugabanmu na Magarya, wanda muke kira Shef. Shi ke ba da iznin a buɗe magaza, wato ɗakin ajiyar magani da ke Dungas. Daga nan a raba wa birgadiye, manoman da muka koya wa feshi a kowane ƙauye. In Shef bai ce a buɗe ba, ba a buɗewa, ko da makullin yana aljihunka.

Abin hawana baƙin keke ne, kuma a shekarun farko na so shi so na gaske. Kowace Juma'a sai na wanke shi na shafa masa mai. Na fito da sanyin safiya, iska na kaɗa rigata, ina danna ƙararrawa ko ba kowa a gabana, ji nake duk ƙasar Damagaram ba wanda ya kai ni.

Hanyata ta cikin gonaki take, kuma a tsakiyarta akwai tudun rairayi da ba ƙafar da ke iya tuƙa keke a kansa. Dole ka sauka ka tura. A saman tudun akwai wani matashin gawo mai reshe ƙasa-ƙasa, a nan nake tsayawa in mai da numfashi. Mutanen tungayen da ke kewaye suka lura. Wata safiya sai na tarar da ganyen gyaɗa ɗaure a reshen, ƙwari sun lulluɓe shi, an soka masa gashin zabo. Na yi tambaya, aka ce na Baba Tankari ne, wani dattijo na tungar gabas, gashin zabo ne alamar gidansa. Da na je wurinsa ya ce ai ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kakansa, kafin zuwan Nasara, a tudun nan fatake masu zuwa Kano ke sauke jakunansu, mai saƙo kuma a nan yake rataye shi da alamar gidansa. Daga ranar, duk wanda wani abu ya taɓa gonarsa sai ya rataya mini samfuri: wannan da jan ƙyalle, wancan da ƙullin kaba. Ba takarda, ba sa hannu, amma ban taɓa samun biro, wato ofis, mai aiki kamar gawon nan ba.

A shekara ta huɗu sai son ya tsiyaye. Ba wani abu ne ya faru ba. Gwiwa ta fara ƙorafi, tayar baya ta sha faci har ba wurin sa wani, ƙaya kuma kamar ni kaɗai take jira. Na wayi gari in na kalli keken a zaure sai in ji raina ya ɓaci. Ana haka Majo, babban ma'aikacin likitar Mallawa, wato asibitin garin, wanda shi ma a Dungas yake kwana, ya samu moto, wato babur. Ya ce mini, "Malam Habu, kai da wahala ba ku gaji da juna ba? Hau mu tafi."

Na hau. Kai, jama'a, moto daɗi! Tafiyar da nake yi har rana ta take, sai ga mu mun iso kafin shayi ya huce a cikina. Sai dai Majo hanyar mota yake bi, wadda ta zagaye tudun ta kudu. Na ce wa raina, shuka ko taƙi ɗaya ba ta kai ba, me zai same ta a ƴan kwanaki? Kwana tara ina bayan Majo. Har na yi magana da wani tela a Mallawa mai son keken, muka shirya in kai masa ranar Talata. Tun da keke ba ya kai kansa, dole na hau shi hawan ban kwana, na bi tsohuwar hanya.

Kun san gawo da damina ba ya da ganye. Tun daga gindin tudun na hango wani abu yana ƙyalli a tsiraran rassan. Na tura keken ina haki, da na iso sai na ga gwangwanayen tumatir ne, an toshe bakinsu da tsumma, suna ta lilo. Na ƙirga goma sha ɗaya. Huɗu daga ciki da gashin zabo. A gindin gawon kuma, inda babu ko inuwar kirki, Baba Tankari ne zaune a kan buzunsa.

Ya miƙe da sauri. "Alhamdu lillahi! Malam, kai ne? Ka samu fitowa?"

Ban ma amsa gaisuwar yadda ta kamata ba, na ciro gwangwani na buɗe. Ɗango ne, ƴaƴan fara waɗanda ba su yi fiffike ba. Na cikin tsofaffin gwangwanayen ƙanana ne, sun mutu sun bushe. Na cikin sabon kuwa sun yi ƙato, suna tsalle, fiffike ya fara tsiro musu. Ga wanda bai san aikin ba: muddin ɗango yana rarrafe, ana iya tare shi a kashe. Ranar da ya tashi sama, sai dai kallo. A kiyasina kwana uku suka rage mana, in Allah ya taimaka huɗu.

"Baba, yaushe kuka fara ganinsu?"

"Kashegarin ranar da muka daina ganinka."

Na zuba gwangwani biyu a aljihu, na juya keke. Wallahi ban san gwiwar da ke ciwo ta iya wannan gudu ba! Na gangaro tudun rairayi na tashi a bayana, hulata ta faɗi ban waiwaya ba. Mata masu zuwa rijiya suna darewa, ina danna ƙararrawa ina ihu, "Hanya! Hanya!" Wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Malamin gona, wa ya biyo ka?" Na ce, "Fara, Inna, fara!" Tayar nan mai faci ko numfashi ba ta yi ba har Dungas.

Na faɗa biro jiƙe da gumi, na roƙi arziki aka kira mini Magarya ta wayar iska. Shef ya zo kan waya.

"Da idonka ka gani?"

"Suna cikin aljihuna, Shef, suna motsi."

"Kwana nawa da ƙyanƙyashewa?"

Na ce, "Takwas, Shef. Ban bi ta wurin ba."

Shef ya ce, "Wannan maganar tana nan tana jiranmu. Buɗe magaza, takarda ta biyo baya."

Kafin azahar mun ɗora buhunan garin magani a amalanke uku. Ni na yi gaba a keke ina bin tunga-tunga ina tashin birgadiye, don amalanke ba ta shiga ƴan hanyoyin nan, moto kuma nutsewa yake a rairayi. Kashegari da hantsi tudun nan ya cika maƙil. Maza suka haƙa dogayen ramuka a bakin gonaki, mata suka jeru da rassan sabara suna koro ɗango, yana zuba cikin rami ana binnewa, birgadiye na bin baya da magani. Wani ya ɗauko gangar noma. Ku zo ku ga aiki! Ana kora ana guɗa, ni ina kai da komo tsakanin layuka har muryata ta dushe. Kwana uku muka yi. A rana ta huɗu na zagaya tun daga gabas har yamma, abin da ya tashi sama bai taka kara ya karya ba. Na tsaya a tsakiyar hatsin mutane ina dariya ni kaɗai.

Gonaki sun tsira, ban da guda. Gonar Baba Tankari ta gabas, inda aka fara ƙyanƙyashewa, an cinye ta ƙarƙaf tun ina bayan Majo. Lokacin sake shuka hatsi ya wuce, sai wake ya zuba. Na je na same shi yana binne iri da diddige, na tsuguna kusa da shi.

Shi ya riga ni magana. "Malam, yaya jikin naka? Ka warware sarai?"

Na ce, "Wane jiki, Baba?"

"Ai da muka ga shiru, mun san ba lafiya ba. Mutumin da ko ruwa ake ba ya fashi? Ran Juma'a har liman ya sa aka yi maka addu'a."

Takardar gargaɗin da Shef ya rubuta mini daga baya ba ta yi mini zafin wannan magana ba. Na faɗa wa Baba gaskiya, cewa lafiyata ƙalau, gajiya na yi na bi moto. Ya ce, "To, madalla da ba ciwo ba ne," ya ci gaba da shukarsa.

Na aika wa tela haƙuri. Kada ku ɗauka son keke ya dawo mini, bai dawo ba. Shekara shida na ƙara ina tura shi a tudun nan, sau da yawa ina tsaki. Abin da na koya shi ne, a aikinmu zumuɗi na farkon shiga ne, yana zuwa ya wuce, kuma kowa yana gajiya. In kun gaji, ku huta, ku canza hanya, ku hau abin da kuka samu, amma ku aika a faɗa wa masu jiranku. Manomi ba ya kai ƙararka in ka ɓace. Uzuri yake nema maka, yana zaune a rana, fara na cin gonarsa.