Baba Falwaya da Rigunan da Ba a Gogewa

A layin teloli ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Falwaya ake ce masa tun yana saurayi, saboda tsayi da rashin jiki, da furfura ta fito kuma aka ƙara masa Baba a gaba. Sana'arsa guga. Da dutsen gawayi ya fara, a wata rumfa bayan kasuwa, inda yake guntsar ruwa ya fesa wa riga kafin ya ɗora mata dutse. Daga baya ya koma na lantarki, sannan na tururi, wanda ya daɗe yana raina shi, wai dutsen da ba shi da nauyi abin wasa ne.

Yana da halayen da iyalinsa suka gaji da magana a kansu. In ya sa wando mai kari ba ya zama a bas, gara ya riƙe ƙarfe a tsaye har tasha. In ya yi baƙo, kwalar rigarsa yake fara kallo kafin fuskarsa. Matarsa takan ce da za ta tsaya masa shiru, da tuni ya goge mata goshi.

Ya haura sittin lokacin da wata matashiya ta kama benen da ke ƙarshen layin. Ta yi karatun tsara sutura, kuma ba ta son a ce mata tela. Telolin ƙasa suka sa mata Anti Mai Zane, don ba ta taɓa almakashi sai ta zana rigar a takarda. Ta nemi mai guga na dindindin, kowa ya nuna mata Baba Falwaya.

A benen ya ga abubuwan da bai taɓa gani ba. Babu takalmi take yanka, bakinta cike da fil, don haka rabin maganarta ba a ji. Takan rataye yadi a taga ta yi kwanaki tana kallonsa, safe da yamma, kafin ta san abin da za ta yi da shi. Shayinta kullum sanyi yake yi a kan teburin yanka. Wata rana ta ɗinka riga da hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, ya ɗauka kuskure ne, ya ja ta gefe ya gaya mata a hankali don kada masu yi mata ɗinki su ji.

"Da gangan ne, Baba," ta ce.

"To, Allah ya kawo mai saye," ya ce, ya koma teburinsa.

Duk da haka sun saba. Ita tana son aikinsa, don ɗinki in ya bi ta hannunsa sai ya kwanta kamar ba allura ta yi shi ba. Shi kuma yana yabonta a bayan ido. A gida yakan ce yarinyar nan kanta da motsi, amma ba ta ha'inci a ɗinki.

A shekararsa ta uku a wurin aka gayyace ta wani baje kolin sutura. Ta sayo siliki da lilin, ta ɗinka riguna, sannan ta kwashe su zuwa gidanta. A can ta jiƙa su, ta murɗa kowace kamar igiya, ta ɗaure da zare, ta turara, ta bar su suka bushe a haka. Ta fi mako tana wannan aiki. Da ta kwance su sai yadin ya fito da ƙananan layuka masu bin juna, kamar bayan itace. Ta dawo da su benen wata ranar hutu ta rataye. Ta kira shi a waya yana tsakiyar kasuwa, ta ce akwai kaya a hanga, kada a taɓa su. Abin da ya ji cikin hayaniya shi ne akwai kaya a hanga.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya ga rigunan ya girgiza kai, ya ɗauka a buhu aka cuso su. Ya cire rigarsa ya rataye, ya kunna dutse, ya haɗa sitati. Yadin ya yi masa gardama sosai, sai da ya yi ta maimaita wuri ɗaya. Kafin ta iso da hantsi ya gama da mafi yawansu, sun miƙe sumul suna sheƙi.

Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Baba, me kuka yi?"

"Sun ba ni wahala, amma sun kwanta. Saura waɗancan."

Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta wajen taga, ta juya ta, ta ajiye. Ta gaya masa cewa yamutsewar ita ce adon, ita ce abin da za ta kai. Ba ta ɗaga murya ba. Masu ɗinkin biyu suka sunkuyar da kai a kan kekunansu.

Ya kashe dutsen, ya naɗe wayarsa yadda ya saba, ya sa rigarsa ya sauka. Bai dawo ba washegari, bai dawo ba jibi.

A gida ya zauna a tsakar gida yana ta juya rediyo. Autarsa, wadda take koyarwa a firamare, ta ji labarin ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da uwarta ta harare ta.

"Malam, ka je ka ba ta haƙuri mana," in ji matarsa.

"Haƙurin me? Na ce mata na yi kuskure na gyara kaya?"

"Kayanta ne. In ta ce a taka su da ƙafa, sai a taka."

Abin da yake cin ransa ba faɗa ba ne, don ba a yi masa ba. Tunda ya fara sana'a bai taɓa ɓata wa mutum kaya ba, sai ga shi ya ɓata su da aikin da ya fi iyawa.

Anti Mai Zane ce ta zo da kanta, da rigunan a cikin leda. Ta durƙusa ta gaida matarsa, aka ba ta tabarma. Ta ce laifin nasu ne su biyu, da ta tsaya ta tabbatar ya ji ta. Ta ce lokaci ya ƙure, hannunta kaɗai ba zai iya ba, kuma murɗar tana son ƙarfi.

"Kina so in yamutsa kaya da hannuna," ya ce.

"Haka nake so, Baba."

Ya kalli matarsa, ta kau da kai tana murmushi. Ya tashi ya ɗauko bokiti.

A tsakar gidan aka yi aikin. Da aka wanke sitatin, wasu rigunan launinsu ya koɗe, dole aka ajiye su gefe. Sauran ita take nuna masa inda layukan za su bi, shi yana murɗawa, Auta tana ɗaurewa bayan ta taso daga makaranta. Na farkon da ya yi ta ce ya cika tsari, kamar an auna da rula, ta sa ya kwance ya sake. Ya sake yana gunaguni. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga igiyoyin yadi a shanye, ta tambaya ko lafiya. Ya ce mata aiki ne daga ƙasar waje.

Abin da ta kai baje kolin bai kai rabin abin da ta shirya ba. Ba ta ci kyauta ba, amma wata mai shago a babban otal ta ɗauki kayan, daga baya ta aiko a ƙara. Baba Falwaya ya halarta, ya tsaya can baya da hannuwansa a aljihu, yana kallon 'yan mata suna wucewa ɗaya bayan ɗaya cikin rigunan. Da aka tashi ya hango wani mai ɗaukar hoto da riga duk a cukuikuye. Ya matsa kusa da uwar ɗakinsa ya yi ƙasa da murya.

"Wancan ma ado ne?"

Ta duba. "A'a, Baba. Wancan lalaci ne."

"Yanzu ni na daina ganewa," ya ce.

Tun daga nan teburinsa ya rabu biyu, gefe na kayan guga, gefe na kayan murɗa. Ya ƙware a na biyun har masu ɗinki daga wasu shagunan suna kawo masa yadi. Bai taɓa cewa abin yana da kyau ba. In an tambaye shi sai ya ce masu shi suna so.

Ya ƙara wasu shekaru a benen kafin kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Likita ya ce ya rage ɗaga hannu, bai ji ba, har ranar da dutsen ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa. Babu abin da ya ƙone, amma da yamma ya gaya wa Anti Mai Zane ta nemi wani. Ta ɗauki wata bazawara mai 'ya'ya biyu, ya yi wata guda yana zaune a gefenta yana nuna mata aikin da baki, sannan ya yi sallama da kowa.

Yanzu tattabaru yake kiwo a bayan gida. Surukinsa ya kafa masa akurki da ragowar katako, kuma tun da safe yake fita ya watsa musu hatsi da hannun hagu. Sun yi yawa har matarsa ta fara maganar a rage, shi kuma yana cewa sai waɗanda suke kwanci sun ƙyanƙyashe.