Ɗawisu da Man Gyaɗa

A shekarata ta farko a makarantar zane ta Samaru, malaminmu Bature ya kawo hoton wani tsohon zanen fenti na ƙasarsu: ɗawisu a kan katanga, agwagi biyu da kaza a ƙasa. Ya ce kowa ya kwaikwaya. Wanda nasa ya yi kyau zai ci gaba a ajin fenti, sauran a mai da su rubutun allunan shaguna. Ni kuwa ban baro gonarmu ta Shika don in rubuta sunan shagon wani ba.

Hoton ɗaya ne, kowa sati biyu yake riƙe shi. Ana cikin nawa satin, man da ake dama fenti da shi ya ƙare mini. Girman kai ya hana ni roƙo. Na hau keke sai Muciya, gidan gwaggota mai ƙuli-ƙuli.

"Gwaggo, ki sammini man gyaɗa."

"Girki ka fara, ɗan nan?"

"Zane zan yi."

"To, Allah ya kyauta," in ji ta, ta cika mini kwalba.

A ganina mai ai mai ne. Fentin ya bi burushi sumul, tsuntsaye suka fito gwanin sha'awa. Ashe man gyaɗa ba ya bushewa. Kwana goma zanen na danƙo, kiyashi suka yi layi a wutsiyar ɗawisu. 'Yan aji suka sa mini suna Mai Suya. Na ji kunya ƙwarai, ga hoton ya riga ya wuce hannun wani.

Na samo sabon ƙyallen zane, na sauke kai na roƙi man kirki, na sake daga farko ba tare da hoton ba. Sai na tarar duk yana kaina, har inuwar ƙarƙashin fiffiken kaza.

Ranar duba aiki malam ya jera nawa da hoton, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ara maka hoton a ɓoye?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Bai yarda ba. Ya kife hoton, ya miƙo mini alli, ya nuna allo. Na zana ɗawisun nan a gaban kowa. Da na juyo, sai ga malam yana jawo mini kujera kusa da taga, inda haske ya fi kyau.