Zanen Fuskar Malam

Ina zaune bakin murhu da gawayi a hannu, ina kwaikwayon hoton mijina marigayi bisa takardar buhun siminti, sai ɗiyata Hadiza ta leƙo.

"Inna, kin ɓata shi. Layukan ga na kumatu babu su cikin hoton."

Na ce, "Ke, hoton ne ya koɗe. Ubanki Bagobiri ne, zanenshi har kunne. Ni na zauna da fuskar ga, ba mai hoto ba."

Hoton guda ne gare mu, kullum ƙara dushewa yake, jikokina kuwa ba su san Malam ba. Hancin ya ƙi zama daidai, amma gobe ma sakewa zan yi.

Ku masu zane, da mi ake hana gawayi gogewa?