Gidan da Ba Ya Jin Sallama

Baba Wayarin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rarrafe a cikin rufin gidajen mutane, waya a baki, filaya a aljihu. Duk gidan da ya shiga da tsaki yake fitowa. Nan taga tana shan iska, can ƙarƙashin ƙofa ɓera zai wuce da iyalinsa. Masu gida su ɗumama ɗaki, ɗumin ya sulale waje, su kuma su zauna suna zagin masu wuta. Yakan ce wa matarsa, "Ranar da zan gina nawa, ko numfashi ba zai fita ba sai da izinina."

Matar tana fama da ciwon ƙirji, hayaƙin girki ya daɗe yana cin ta. Don ita ya nemi fili can kan dutse, inda iska take da tsabta amma sanyi ba ya wasa, ya kuma rantse ko ashana ba za ta shiga gidan ba. Da hannunsa ya zana shi. Bango biyu ne da soso a tsakani, tagogi gilashi kan gilashi, bakin ƙofa da roba irin ta firiji. Babbar taga ta fuskanci rana don ta sha ɗumi a kyauta. Sola a kan rufi, batura a ɗan ɗakinsu, girki da ruwan zafi duk na lantarki, ga wata na'ura da ke shigo da sabuwar iska ba tare da ta saki ɗumin ciki ba. Allah bai nufa matar ta kwana a ciki ba. Ana ɗora rufi ta rasu.

Ya ƙarasa ginin shi kaɗai, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba in ya tsaya. Ranar da ya tare, ƙaninsa ya hawo. Direban babbar mota ne, bakinsa ba linzami, kuma su biyun ne suka rage a ɗakinsu. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya kwashe da dariya.

"Yaya, wannan ai ba gida ba ne, fulas ne. Wadda aka yi dominta ta tafi, kai kuma ka zo ka toshe kanka da rai. Sauko cikin mutane."

"In fulas ne ba a gayyace ka shan shayi ba," in ji Baba Wayarin. "Kada ka sake tako min nan."

Magana zarar bunu. Kafin ƙarar motar ta ɓace ya yi nadama, amma shi ne babba, kuma a ganinsa ƙarami ne ke zuwa ba da haƙuri. Ya san ƙaninsa, fushinsa ba ya kwana. Sai ya zauna jira.

Gidan kam ya yi aiki, har ya wuce yadda ya zana. Sanyi ya sauko, ruwan bokiti yana daskarewa a waje, shi kuwa yana yawo da 'yar shara a ciki. Sai dai ba wanda zai nuna wa. Yakan zauna gaban babbar taga yana kallon kwari, ƙofa tana bayansa, kunnensa na kanta. Ba kukan tsuntsu, ba na iska, sai ƙarar cokalinsa a kofi. Wani lokaci yakan yi tari da gangan don ya ji muryar mutum. Kewa ta ishe shi, haushi ya biyo baya: ashe haka ɗan uwa yake da sauƙin yarwa?

Sanyi ya fara ja da baya sa'ad da autarsa, ma'aikaciyar jinya a gari, ta samu hutu ta hawo. Tana da makulli, sai ganinta ya yi a kansa. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Baba, me Baffa ya yi maka da zafi haka?"

"Shi za ki tambaya. Ƙafarsa ce ta karye?"

"Ya zo fa. Ba sau ɗaya ba. Ya ce yana tsaye a cikin sanyi yana ta sallama, yana hango ƙeyarka ta ƙaramar taga, ko motsi ba ka yi ba."

"Ƙarya ne! Me ya hana shi buga ƙofa?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi ba baƙo ba ne da zai buga ƙofar yayansa. Wanda ya ƙi amsa sallama ya gama magana."

Baba Wayarin ya miƙe, ya ce ta fita ta ja ƙofar, ta yi sallama da iyakar ƙarfinta. Ya tsaya yana kallonta ta gilashi. Bakinta na buɗewa, jijiyar wuyanta ta miƙe, amma ko ƙis bai ji ba. Mutumin da ya sa wa rabin gari ƙararrawar ƙofa bai sa wa kansa ba, domin a gidan da ya tashi murya ce ƙararrawa. Kunya da baƙin ciki suka taru suka zaunar da shi.

Tare suka sauka a ranar. A ƙofar ƙaninsa ya gyara murya ya yi sallama. Ya ji an kashe rediyo a ciki, amma ba a amsa ba. Ya sake. Iska tana kaɗa masa riga, maƙwabta suna leƙe, bai gusa ba. Ya sake yi, wannan karon muryar ta karye a tsakiya.

"Wa alaikumus salam," in ji ƙanin daga bayan ƙofa, shi ma muryarsa ba daidai take ba. "Tun ta farko na ji, Yaya. So nake ka ɗanɗana."

Sannan ya zare sakata.